Hannun Manzo Na Dama

Laraba, 8 ga Oktoba 1975, bayan la'asar

Ƙanena Manzo ya iso Magarya, shi da motarsa, a saman kamyon goro tun daga Abijan. Ya rame, ya yi tsawo, ya koyo ɗage kafaɗa irin na Faransawa. Shekararsa goma sha tara.

Sunan motar kat. Ƙarafa ne aka haɗa, kujera ɗaya, tayoyi kamar faranti, inji a jikin haƙarƙarin mai tuƙi. Ba rufi, ba ƙofa, tsakanin mazaunin mutum da ƙasa bai fi faɗin tafi ba. Kafin a gama sauke ta ƴan tasha sun raɗa mata suna, tabarma mai inji. Kawu Maina ya zagaya ta, hannu a baya.

"Ina fasinja yake zama?"

"Ba ta ɗaukar fasinja, Kawu."

"Kaya fa?"

"Ba ta ɗaukar kaya."

"To ina take zuwa?"

"Zagayawa take, ta dawo inda ta tashi."

Kawu ya juyo wurina, don ni na tafi da yaron Abijan lokacin da nake jami'a, da sunan zai yi lakwal, karatun boko. Ya ce, "Malama Hinda, wannan ma cikin karatun ne?"

Lakwal ɗin wata shida ya yi mata. Sauran shekarun a garejin wani Bafaranshe ya yi su, yana wanke wa ƴaƴan masu hali tayoyi ranar tsere, har ranar da aka ba shi ya ɗana, ya bar su a baya. Kofi biyu ya ci a Abijan. Bara mai garejin ya kai shi makarantar tsere a Faransa, inda ake koya musu babbar motar, mai kujera ɗaya ita ma, mai giya a hannun dama. An yi ta tacewa har saura mutum shida, yana ciki. Ranar 23 ga Nuwamba za a gwada su. Wanda ya fi gudu za a ba shi mota da makanikai na shekara guda. Wanda bai zo ba, ba a jiransa.

Ya jawo kat ɗin duk wannan nisa don Inna ta ga aikinsa sau ɗaya kafin ya tafi. Inna ta leƙo daga zaure ta ce, "Allah ya sa alheri," da muryar da take yi wa maƙwabci barka in ya sayo jaki mai tari.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da hantsi

Filin awon gyaɗa ya samu amfani. Bana cuta ta nannaɗe ganyen gyaɗar ƙasar nan kaf, ba buhu ɗaya a filin, sai sikeli da mai gadi. Na rubuta shafi ɗari biyu a kan cinikin gyaɗa kafin a ba ni digiri, na dawo gida na tarar ta mutu. Yanzu ina koya wa ƴan kwaleji sunayen kogunan Turai.

Manzo da samarin unguwa sun kwana biyu suna tsince duwatsu, sun jera tsofaffin buhuna sun fitar da hanya. Ya ja ni muka taka ta da ƙafa. Yana tafe yana duƙawa yana murza ƙasa da yatsa.

"Ba a bin kwana yadda aka zana ta, Yaya. Buɗewa ake, a yanke ta, a sake buɗewa. Kuma ba inda kike ake kallo ba, inda za ki."

Na ce zan gaya wa ɗalibaina, ko za su daina kallon ƙofa.

Lahadi za a yi. Kawu ya riga ya gayyaci rabin kasuwa. Yau abin ya zama na ɗan ƙanwarsa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, magariba

Ba zan rubuta yau ba.

Talata, 14 ga Oktoba, Damagaram, bayan azahar

Ya yi zagaye da dama lafiya. Yara na ihu, tsofaffi na salati. A kwanar sikeli kat ɗin ta tashi sama ta kife. Hannun dama ya karye ƙasa da gwiwa, ƙashi biyu. Sauran jiki ƙujewa ce kawai.

Dalili kuwa kowa da nasa. Akuya ta gitta. Ramin turken sikeli ne da aka cike da yashi. Bakin mutane ne, an yabi yaro ba a ce tubarkalla ba. Ni a kwanar nake tsaye. Na ga abin da na gani.

Inna ta zo filin, amma tun da aka tayar da injin ta rufe fuska da mayafi. Har yanzu dai ba ta ga aikinsa ba.

Likita ya gyara ƙashin ya sa siminti daga yatsu zuwa dantse. Ya ce wata biyu da rabi, daga nan a fara koya wa hannun motsi. Manzo ya tambaye shi da Faransanci mai kyau ko zai iya riƙe sitiyari nan da ƙarshen Nuwamba. Likitan ya ba ni amsar, ni, kamar yaron ba ya ɗakin. Ya ce badi, in Allah ya so.

Manzo ya juya yana kallon bango.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Kawu Maina ya zo da Inna da kwanon fura da shawara. Akwai wani Dikko, Bafillace, a wata ruga bayan Dungas, maɗori ne ɗan maɗori. Ya ɗora cinyar bijimi ya tashi. Ya ɗora wani ɗan kokawa ya koma fage kafin kaka. Mako uku.

Na ce ƙashi ba ya jin Fillanci, ba ya jin Faransanci, lokacinsa yake ɗauka. Kawu ya ce, "Da ku da likitocinku, in abu ya gagare ku sai zarto. Mu aka ɗora, ga mu muna tafiya." Ya ɗaga ƙafarsa ta hagu ya nuna mini. Gaskiya ne, da ita yake tafiya shekara talatin.

Inna ba ta yi mini magana ba. Ni ce ƴar fari, ba ta kiran sunana, ba ta duban idona, bango take gaya wa abin da take so in ji. Ta gaya wa bangon asibiti cewa wadda ta kai shi can ta bar masu kawo shi gida su yi nasu.

Duk wannan da sauƙi, na saba. Manzo ne ya gama maganar.

"Yaya, wata biyu da rabi da mako uku, wanne ya fi sauri?"

"Ba tsere ake ba, Manzo. Hannu ne."

"In na bari sai badi, wani ya riga ya zauna a kujerar. Kin san mutum nawa ke jira? Duk iyayensu na da garejinsu. Ni sau ɗaya za a kira ni."

Na ce ban yarda ba. Ya ce ya ji. Ya sa hannu a takardar sallama da hagu.

Juma'a, 17 ga Oktoba, rugar Dikko, bayan la'asar

Dikko ya ba ni kunya, na zo da niyyar ƙin sa. Dattijo ne siriri, ba surutu, ba ƙaho ba guru. Ya jiƙa simintin ya yanke shi da wuƙa, ya daɗe yana bin hannun da babban yatsa, ido a rufe. Ya ce likita ya yi daidai, saura kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ya sa Manzo ya ciji rigarsa har ta yage.

Ya shafa man shanu, ya naɗa auduga, ya jera tsinken kara kamar asabari, ya ɗaure da sawayen saƙi. Ya tura ɗan yatsansa ƙarƙashin ɗaurin ya ce nan hanyar jini ce.

Manzo ya ce, "Baffa, ƙara matsewa. Yana motsi."

Dikko ya ce, "Buhu ne?"

"A mota in abu na motsi karyewa yake."

"To ka bari in motarka ta karye ka kawo ta."

Sai aka kawo kaza, ja, budurwa. Ya karya mata ƙafa, ƙas, ya ɗora ta da tsinke irin na Manzo, ya yi tofi ɗaya ya raba musu. Ka'idar gidansu ke nan tun kakanni: yadda kaza take, haka majinyaci yake. Ranar da ta taka ƙasa, ranar za a kwance. Kafin nan ba mai kwancewa, ba hannun da zai taɓa ɗaurin sai nasa. Inna ta ƙara tata ka'idar, ta yafa wa hannun baƙin zane don idon masu zuwa dubiya.

Dikko zai kai shanu wajen Waca su ci karan gonaki. In kaza ta taka a aika masa.

Inna za ta zauna da Manzo a bukkar baƙi. Ni zan koma, akwai kogunan Turai.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da azahar

Na kai musu sabulu da sukari da abin da Manzo ya roƙa, tsohon shambur, robar cikin taya, daga cikin kayansa. Ya ce zai yanka roba ya riƙa ja da hagu don kada ƙarfinsa ya zube. Na ga ya yi tunani mai kyau. Har na yaba masa.

An kafa wa kazar akurki a ƙofar bukka. Inna na tauna mata gero.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Saƙo ta bakin direban motar kasuwa: kazar ta ci, ta sha.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Ba aji yau, na je. Na tarar da shi a gindin gawo, ya zana hanyar tseren Faransa a ƙasa da tsinke. Ya rufe ido yana bin ta da baki. Nan giya ta huɗu, nan a taka birki a daidai allo, ta biyu, a buɗe, a yanke. Hannun hagu na riƙe da sitiyarin iska. Na dama na kwance a cinya cikin baƙin zane kamar jaririn wani.

Gumi na zuba daga haɓarsa, ga shi ba zafi ake ba.

Na ce, "Yana ciwo?"

"Yana aiki."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan."

"Yaya, a Abijan na taɓa gama tsere inji na gasa mini haƙarƙari. Sai da na sauka na ga fata ta bi riga. Mai garejinmu ya ce wanda ke sauraron jikinsa na biyu yake zuwa."

Na ce mai garejin da hannu nawa yake cin abinci. Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi.

Inna ta gaya wa tukunya cewa yaro ba ya barci, amma ɗori dama haka yake, ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa. Matan rugar sun tabbatar. Sun zo sun duba kazar, sun ce idonta garau.

Mutum bakwai na ƙirga sun durƙusa gaban akurki yau. Shi kuwa daga nesa ake ce masa sannu.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Kazar ta ci.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da yamma

Ya tarye ni da murna. "Ya daina ciwo, Yaya. Tun shekaranjiya. Ban ce miki ba?"

Idonsa na ƙyalli, leɓensa ya bushe. Ya yi ta zuba: jirgin da zai hau daga Yamai, rigar tseren da aka ɗinka masa da sunansa a ƙirji, wani yaro cikin shidan da ke tsoron ruwan sama. Ya ce Allah ya sa a yi ruwa ranar.

Bukkar cike da hayaƙin turare. Inna ba mai ɓarnar turare ba ce. Ƙarƙashin ƙamshin akwai wani abu. Na tambayi rufin bukka ko mene ne, Inna ta amsa wa ƙofa cewa man shanu ne ya kwana biyu.

Na san warin tsohon man shanu.

Litinin, 27 ga Oktoba, tashi daga lakwal

Na je wurin Majo Mainassara, babban ma'aikacin likitar garin nan. Ya saurare ni yana wanke allurai.

"Yatsun na motsi?"

"Ban sani ba."

"Farcen wane launi ne?"

"A rufe yake."

Ya ajiye allurar. "Malama, sau nawa kika je?"

Na faɗa masa.

"Ba ki ga farcen ba."

Na iya ba shi labarin kazar dalla-dalla, da ya tambaya.

Talata, 28 ga Oktoba, magariba

Na bar ɗalibai da aikin zana taswira, muka tafi da Majo a kan babur ɗinsa. Kawu Maina na can, wani ya riga mu da labari.

An yi wa Majo shimfiɗa, an kawo masa nono, an tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce a ba shi ya ga yatsu kawai, ba zai taɓa ɗauri ba, Kawu ya ce, "Majo, kai ɗan ƙasar nan ne. Ka taɓa ganin an shiga aikin maɗori yana raye? In ya lalace wa za a kama?"

Majo ya ce, "Maina, hancinka lafiya?"

"Hancina ƙalau. Je ka dubi kazar. Jiya har ta dogara."

"Ba kaza na zo gani ba."

"Ai shi ne kuskurenku."

Majo ya juya wurin Manzo. Shi ne mai hannu, ya balaga, in ya ce a buɗe ba mai hanawa. Manzo na jingine da dangar kara, haƙoransa na haɗuwa. Ya ce, "Majo, saura kaɗan. Ba a tsayawa duba inji ana zagayen ƙarshe. In aka kwance yau an koma farko."

Na daina magana da kowa. Na tashi na nufi zanen. Na kama gefensa.

Inna ta riƙe mini wuyan hannu. Ta dube ni cikin ido ta ce, "Hinda."

Shekara ashirin da takwas ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ashe haka take faɗinsa, da ɗan ja a ƙarshe. Ta ce, "Kin kai shi inda kika kai shi, ban ce komai ba. Wannan ki bar mini."

Na saki zanen.

Da muka hango fitilun Magarya, Majo ya rage gudu. Ya ce in shirya mota, ko yaushe ne.

Laraba, 29 ga Oktoba, tsakar rana

Na koyar da kogin Danub. Yana bi ta ƙasashe da yawa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da hantsi

Kazar ta taka. Direban ya ce an yi guɗa a rugar. An aika wa Dikko.

Asabar, 1 ga Nuwamba, Damagaram, bayan la'asar

Jiya Dikko ya iso da sandarsa a kafaɗa. Tun daga bakin shinge ya tsaya, ya ɗaga hanci. Bai gaisa da kowa ba, bai dubi akurki ba. Ya yaye zanen.

A kan tsinken karan, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, baƙar roba ce, an naɗe ta layi-layi, tsaf, ba inda ta hau wani. Aikin makanike. Da haƙori da hannun hagu ya yi shi, tun ranar Lahadin da na kai masa.

Yatsun ba zan rubuta su ba.

Dikko ya ce, "Wannan ba ɗaurina ba ne." Ya sake faɗa. Sai ya durƙusa gaban Manzo ya ce, "Ɗana, na bar maka hanya. Me ya sa ka rufe?"

Manzo ya ce, "Yana motsi, Baffa."

Dikko ya yanke robar da kansa. Ya ce wannan ya wuce gidansu, a kai shi wurin masu zarto yanzu, in ana son sauran yaron. Kawu ya fara cewa amma kazar, Dikko ya ce, "Kazar ba ta ɗaure kanta ba."

Motar na shirye. Inna ta riƙe kansa a cinya har Damagaram, tana kiran Auta, Auta. Bai san inda yake ba. Yana ta canza giya da baki.

Yau da safe aka yi. Sama da gwiwa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da azahar

Likitan nan ne dai. Bai ce ai na faɗa muku ba. Na so ya faɗa, da na samu wanda zan tsana.

Ya ce da an zo ranar Talata, wataƙila yatsu kawai. Wataƙila. Ya ce kada in riƙe wannan, shi ma ba tabbas yake da shi ba. Na gode masa. Na riƙe.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Zazzaɓi ya sauka. Ya farka, ya duba, ya mayar da kai. Ya nemi ruwa. Ya miƙa abin da babu don ya karɓi kofin.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan masallaci

Masu dubiya. Kowa da tsarabar hukuncinsa. Ƙaddara ce. Dama abin ba na Musulmi ba ne, mutum ya zauna a ƙasa yana gudu ba a kore shi ba. Wata ƙawar Inna, Ɗela, ta ce a gode Allah ba ƙafa ba ce, yana iya zuwa masallaci. Wani ya ce akwai mai hannu ɗaya a Sassumbrum da ke kiwon awaki, har ya yi aure.

Kawu Maina ya zo ya zauna bakin ƙofa, bai shigo ba. Da zan wuce ya ce, "Malama." Na tsaya. Ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce, "Ni ƙafata ta warke." Na ce na sani, Kawu.

Dikko ya aiko da ƙwaryar nono. Ɗan aiken ya ce tun ranar bai karɓi kowa ɗori ba.

Inna ta koma yi wa bango magana. Ni ma.

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe goma

Na je gidan waya don in buga wa mai garejin talgiram. Na tsaya gaban takardar na rasa kalma. Na rubuta cewa Manzo ya yi hatsari, ba zai zo ba. Ma'aikacin ya ce ko in ƙara cewa sai wani lokaci, mutane na son ƙarawa. Na ce a'a.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

Amsa ta zo. Yana baƙin ciki ƙwarai. An ba na bakwai kujerar. Yana tambaya ko injin kat ɗin ya tsira, don aro ne.

Na karanta wa Manzo duka, har da injin. Ya ce, "Na bakwai? Ai wannan ba ya iya fita kwana." Shi ne magana mafi tsawo da ya yi tun ranar.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, la'asar

Yana koyon cin tuwo da hagu. Yana jira sai Inna ta fita.

Ya ce, "Yaya, kin gaya musu ke kika kawo robar?"

Na ce ba wanda ya tambaya.

"Kada ki faɗa. Ni na ce ki kawo."

Na ce to. Ya ce yatsun na masa ƙaiƙayi, waɗanda aka binne.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Ya tambaye ni ƙarfe nawa a Faransa. Na ce daidai da nan. Ya ce to.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan azahar

Ya ce in duba masa ko ana hadari. A Damagaram, a Nuwamba. Na fita na duba.

Laraba, 26 ga Nuwamba, magariba, Magarya

An sallame mu. A tasha aka ba shi gaban mota saboda raunin, ni a gefensa, Inna a baya cikin buhuna. Ya yafa bargo, ba a ganin komai. Direban baƙo ne, yaro mai gashin baki sabon tsiro, sabon zuwa wannan hanyar. Tun kafin mu bar gari ya fara nuna mana shi gwani ne.

"Ku ƴan Magarya ne? To kun san yaron nan mai tsere da Turawa? Wai a Faransa har shugabanninsu ke tashi tsaye in ya wuce. Ya zo gida, ƴan'uwa suka yi masa baki, motar ta tashi da shi sama kamar tsayin rimi. Wai da ya faɗo sitiyarin na hannunsa, sai da aka ɓamɓare."

Na ji Inna ta daina jan carbi.

Manzo ya ce, "Sai aka yi yaya?"

"Ya mutu mana. A asibitin nan da kuka fito. Ni da na so in gamu da shi, mu gwada, ni da shi, daga nan zuwa Magarya. Ka san shi?"

"Sama-sama."

"Allah ya jiƙansa."

Manzo ya ce, "Amin."

Muka hau tudun yashi, motar ta fara kuka, direban na ta danna mata wuta yana ba mu labarin wata motar da ya wuce jiya. Manzo na kallon hanya, can gaba, inda ta lanƙwasa. Ya yi haƙuri iyakar iyawarsa. Sai ya ce, a hankali, "Sa ta biyu, malam. Kana kashe injin."

Direban ya dube shi, ya dubi bargon. Ya ce, "Kai direba ne?"

"A'a."

"To ka bar masu hannu su yi aikinsu."

Manzo ya bar shi.